Keziya Mai Tsaga da Garin da Aka Ba Sunan Wani

Tun zamanin da jirgin ƙasa bai ratsa Amurka ba, tun kakannin kakanninmu suna goye, akwai wani kogi a tsakiyar ƙasar da yake gangarowa daga duwatsu, ya yi tafiyar kwana tara a kwalekwale kafin ya zuba cikin babban kogin Misisifi. Mutanen farko na wurin suna kiransa da wani suna wanda ma'anarsa ita ce Kogin Kififiya. Daga bakin ruwa fadama ce shimfiɗaɗɗiya, ƙasarta baƙa wuluk, masara da kabewa suna fita a cikinta ba tare da taki ba. Bayan fadamar kuma tudu ne mai tsakuwa, wanda fartanya ba ta son sa. Barewa da talotalon daji sun cika kurmin, kuma an ce a cikin ruwan akwai tarwaɗar da tsawonta ya kai na kwalekwale.

A cikin wannan daji wata rana aka tsinci wata mace baƙar fata kwance a gindin bishiya, ƙafafunta sun tsattsage, bayanta duk tabon bulala. Sunanta Keziya. Daga gonakin auduga na kudu ta gudo, inda aka haife ta baiwa, ta yi kwana arba'in tana bin daji. Wadda ta tsince ta wata tsohuwa ce daga mutanen farko, ana ce mata Farar Zalɓe. Ta ɗauke ta, ta yi jinyarta, ba ta tambaye ta 'yar wane ce ba.

A hannun wannan tsohuwa Keziya ta koyi farauta, har ta kai tana bin sawun barewa a kan dutse. Ta koyi sassaƙa kwalekwale da karɓar haihuwa. Amma babban abin da ta koya yana jikin bishiyar da aka tsince ta a gindinta. Bishiya ce mai farin jiki, kaurinta ya kai na kuka, tana tsaye a tsakiyar fadama. Kowace shekara in ambaliya ta janye, tsohuwar da ta fi kowa shekaru takan je da wuƙa ta yi tsaga a daidai inda ruwa ya tsaya. Tsagun sun fi ɗari, wasu a gwiwa, wasu a ƙirji. Ɗaya kuwa tana can sama, sai mutum biyu sun hau kan juna kafin su taɓa ta.

Farar Zalɓe ta ce mata, "'Yata, ki noma fadama, amma kada ki kwana a cikinta. Inda ruwa ya taɓa zuwa, gidansa ne. Ko ya yi shekara saba'in bai leƙo ba, bai manta hanya ba. In kina son sanin shekarar da zai dawo, ki duba inda kififiya ta binne ƙwanta. Ba ta taɓa ba ruwa 'ya'yanta ba."

Bayan shekara goma sha biyu sai sojoji suka zo da takarda, suka ce mutanen farko su tashi su yi yamma. Mutanen da suka binne iyayensu a wannan tudu tun ba a san rubutu ba, aka kore su kamar tumaki. Keziya ta so ta bi su, tsohuwar ta hana. Ta danƙa mata wuƙar tsaga, ta ce, "Mu ana iya korar mu. Kogi ba ya jin umarnin soja. Wasu za su zo, kuma za su haifi 'ya'ya. Ki zauna ki ci gaba da tsaga."

Keziya ta zauna ita kaɗai a kan tudu shekara shida, kuma ko shekara ɗaya ba ta tsallake ba. Daga nan baƙi suka fara isowa a kekunan shanu, Turawa talakawa masu neman ƙasar noma. Da yawansu sun iso da yunwa da zazzaɓi. Ita ta ciyar da su da naman barewa, ita ta nuna musu mashigi, ita ta haƙa rijiyar farko a kan tudu, kuma duk jaririn da aka haifa a wurin a hannunta ya faɗo. Masu yi mata kirari daga baya sukan ce: Keziya mai tsaga, baƙuwar da ta zama uwar gari, kogi ya san ki, takarda ba ta san ki ba.

Sai ga wani mutum ya sauka daga jirgin ruwa da doguwar hula da igiyar awo. Sunansa Witlok, yana kiran kansa Kanar, ko da yake ba wanda ya taɓa jin yaƙin da ya yi. Ya zo da takarda mai hatimi da ta ce fadama da tudu duk nasa ne. Ya auna fadamar, ya yanka ta filaye, ya aika shela gabas cewa ga ƙasa mai albarka a bakin ruwa, wadda ambaliya ba ta taɓa takawa ba. Mutane suka yi ta kwararowa, suna kafa gidajen katako a inda Keziya ba ta yarda ko akuya ta kwana ba.

Abu ɗaya ya tsaya wa Kanar a wuya. Duk baƙon da ya zo ganin fili sai ya tsaya gindin farar bishiya ya tambayi ma'anar tsagun, Keziya kuwa ba ta iya ɓoye gaskiya. Wasu da suka ji sai suka juya. Ran nan Kanar ya zo da masu gatari huɗu, ya tarar da ita zaune a gindin bishiyar tana gyaran fata.

Ya ce, "Ke tsohuwa, tashi. Muna son ginshiƙin ɗakin taro."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kurmi cike yake da itace. Sai wannan ɗaya ce ta yi maka?"

"Ita ce ke korar mini mutane, ita da bakinki."

"To, ka sare ta, sai ka aika wa kogi takardar nan taka. Wataƙila shi ya iya karatu."

Masu gatari suka yi dariya, Kanar ya harare su, suka haɗiye. A cikin jama'ar da suka taru, mutum ɗaya ne ya buɗe baki, wani maƙeri mai suna Lemuwel, wanda Keziya ta karɓi haihuwar 'ya'yansa uku. Ya ce, "Kanar, Inna Keziya ta riga mu duka zuwa nan. A kai maganar gaban alƙali mana." Aka kai. Alƙali ya saurari Kanar har ya gama, da Keziya ta miƙe za ta yi magana sai ya ɗaga mata hannu, ya ce dokar wurin ba ta karɓar shaidar baƙar fata a kan Bature. Ku ji fa! Matar da ta yanke cibiyar jikan alƙalin nan da hannunta, ita ce bakinta bai isa a saurara ba.

Kwana uku aka yi ana saran bishiyar. Da ta faɗi, an ce tsuntsayen fadama sun tashi gaba ɗaya, ba su dawo ba sai bayan shekara. Kafintoci suka tsaga gangar jikinta suka fitar da ginshiƙi, amma tsagun sun yi zurfin da gizago ya kasa share su, sai suka juya wannan fuska ta kalli bango. Aka gina ɗakin taro a tsakiyar fadama, ranar Lahadi ya zama coci. Keziya kuwa aka ce in tana son shiga ta tsaya a bakin ƙofa.

Lemuwel ya kwashe iyalinsa da uwar maƙerarsa ya hau tudu. Gida biyar suka bi shi. Sauran suka riƙa yi musu ba'a, suna ce musu awakin dutse. Shekara ta zo ta wuce, ruwa bai haura gwiwa ba, Kanar yana ta shafa gemu.

A shekara ta bakwai, da sanyi ya fara sakin ƙasa, Keziya ta fita farauta ta ga abin da ya sa ta jefar da bindiga. Kififiyoyi sun bar yashin bakin kogi, sun ratsa fadama duka, sun hau tudu suna haƙa a cikin tsakuwa a bayan maƙerar Lemuwel. Ta sauka ta bi gida gida. Ba ta yi maganar gidaje ko gonaki ba, ta san ba za a ji ba. Abu ɗaya ta roƙa.

"Ku ba ni yaran. Ku ku zauna in kun ga dama. Yaran nan ni na fara ganin fuskarsu kafin ku. Ku bar su su hau tudu wata biyu kawai."

Wasu matan suka juya suna kallon mazajensu. Kanar ya sa aka sanar a coci cewa duk wanda ya bi camfin tsohuwar baiwa ya raina Allah. Aka rufe mata ƙofofi. Sai ta koma kurmi ita da Lemuwel, suka yi kwana talatin suna sassaƙa, suka fitar da kwalekwale huɗu manya, suka jera su a gefen tudu, mutanen fadama suna nuna su da baki suna cewa tsohuwa za ta yi tuƙi a kan tsakuwa.

Ruwa ya zo ranar Lahadi da hantsi, rana tana haske, jama'a suna cikin coci. An yi kwana tara ana sheƙa ruwan sama a can duwatsu, ƙanƙarar sanyi kuma ta narke a lokaci guda. Aka fara jin ƙugi kamar garken shanu dubu, kafin mai wa'azi ya rufe littafi ruwa ya kai ƙugu. Gidajen katako suka tashi suna yawo kamar ƙorai.

Keziya tana da shekara sittin da wani abu a lokacin. Ta tura kwalekwale ta shiga, mutanen tudu suka shiga sauran ukun. Masu ba da labari sun ce sau arba'in da ɗaya ta je ta dawo, har fatar tafin hannunta ta saɓule ta manne a jikin filafilin tuƙi. Tana kiran yaran da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, suna amsawa daga kan rufi da rassan itace. An ce da igiyar ruwa ta kusa kifar da ita, ƙatuwar tarwaɗar nan ta taso ta tokare kwalekwalen da bayanta. Wanda ya ga dama ya yarda.

A zuwa na ƙarshe ta tarar da Kanar shi kaɗai, ɗakin taro ya wargaje, ya rungume ginshiƙin yana shawagi, kumatunsa manne da tsagun. Ya ce, "Inna, ki taimake ni!"

Ta ce, "Yau kuma Inna ce? Shigo, ranka ya daɗe. Amma riƙe igiyar nan ka ɗaura wa itacen, tare za mu tafi da shi. Ya fi ka amfani."

Mutum ɗari uku ne a fadama ranar. An rasa goma sha ɗaya, bakwai daga cikinsu yara. Keziya ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Da ruwa ya janye, ta sa Lemuwel ya kafa ginshiƙin a kan kututturen bishiyar, ya ɗaure shi da ƙarfe yadda kowace tsaga ta koma tsayinta na dā. Ta hau tsani ta yi sabuwar tsaga, kamu ɗaya a saman tsohuwar tsagar nan ta can sama. A ƙarƙashinta ta yi ƙananan tsagu bakwai.

Jama'a duka suka koma tudu, suka kewaye rijiyarta da gidaje. To, a nan ne abin haushin yake. Da lokaci ya yi da za a rubuta garin a littafin hukuma, wa ya tafi babban birni da doguwar hularsa? Kanar. Ya dawo da takarda mai cewa sunan gari Mashigin Witlok, kuma shi ne ya hango ambaliya ya tsirar da mutane. Waɗanda Keziya ta ciro daga ruwa da hannunta suna tsaye aka karanta, kowa ya sunkuyar da kai. Lemuwel kaɗai ya tofar da yawu ya koma maƙera.

Bayan shekara huɗu ta rasu. Manyan gari suka ce maƙabartar coci, wadda ke gangaren tudu cikin inuwa mai daɗi, ba ta baƙar fata ba ce. Lemuwel da 'ya'yansa suka ɗauki gawar suka hau da ita can ƙololuwa, cikin tsakuwar da kififiyoyi suka haƙa. Shi kuwa Kanar da ya mutu an kwantar da shi a tsakiyar maƙabartar, aka ɗora masa farin dutse mai rubutu. Shekara hamsin bayan haka kogi ya sake tashi, ya ci gindin gangaren har ya zaftare, ya tafi da maƙabartar ɗungum. Ba a ga ko ɓallin farin dutsen ba.

Garin yana nan har yau, ƙarami ne, mutanensa ba su cika ɗari bakwai ba, matasa sun tafi birane, jiragen ruwa sun daina tsayawa. Titi ɗaya ne babba, da coci biyu, da makaranta, da rumbun masara. Fadama gona ce zalla, ba ko bukka a cikinta. Ginshiƙin yana tsaye a tsakiyarta, ya yi baƙi, an sake masa ɗaurin ƙarfe sau uku. Duk shekara in ruwa ya janye, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a garin, baƙa ce ko fara, takan sauka da wuƙa ta yi tsaga, yara suna biye da ita, sannan su hau tudu su ajiye tsakuwa ɗaya ɗaya a kan kabarin da ba rubutu.

Allon da ke bakin gari har gobe sunan Witlok yake ɗauke da shi, an yi maganar canza shi sau biyu, aka ce tarihi ne, ba a taɓawa. Amma in damina ta yi nauyi, kogi ya fara ƙugi, ba mai zuwa ya duba allo, ginshiƙin ake dubawa. Maƙwabci yakan leƙo ta taga ya tambayi maƙwabcinsa, "Me Keziya ta ce?"