Gyartai Barmo da Kwandon Sharar Kasuwa

A can zamanin da, a wani birni mai ƙofa bakwai, an yi wani Sarki da kasuwarsa ta cika ta batse. Wazirinsa mutum ne mai son a ce. Wata rana ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, baƙi na yi mana dariya. Ƙwarya ɗinkakkiya a kasuwar babban sarki? Abin kunya ne." Sarki bai tsaya nazari ba, ya sa aka yi shela: kada a ƙara sayar da abin da aka gyara, wanda duk aka gani yana tsince-tsince a bola kuwa a yi masa bulala.

To, kun san halin 'yan kasuwa da gudun fitina. Ƙwarya ta ɗan tsage, sai bola. Tukunya ta yi ƙwarzane, sai bola. Guntun fata, tsumma, toka, ruɓaɓɓiyar albasa, duk a kwashe a jibge bayan ganuwa, daidai bakin wuriyar da ruwan sama ke bi ya fita daga gari.

Akwai wani tsohon gyartai, Barmo, wanda shekara arba'in yana ɗinkin ƙwarya a gindin wata tsamiya. Dokar nan ta kashe masa sana'a. Yana zaune a unguwar gangare da matarsa Tasalla, wadda ciwon ƙafa ya kwantar. Kullum sai ya saci jiki ya je ya ɗan yaye sharar daga bakin wuriya, don ya san inda ruwa zai nufa in ya rasa hanya. Sau biyu dogarai na zane shi, bai daina ba.

Ran nan da azahar aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wuriya ta toshe, ruwa ya juyo unguwar gangare. Barmo na can yana ta yaƙi da shara da hannu biyu, ɗaki ya rufta wa Tasalla. Wayyo, ko kalmar ban kwana ba su yi ba.

Sarki ya fusata, ya ce a nemo wanda ya toshe wuriya. Waziri ya ga abin zai faɗo kansa, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai gyartai ne kullum ake gani a wurin. A kore shi daga ƙasar."

Aka gurfanar da Barmo, ko kwanan zaman makoki bai cika ba. Da ya ji hukuncin sai hawaye suka zubo. Bai damu da gida ba, gida ya riga ya tafi. Kabarin Tasalla ne ba ya iya bari.

Ya ce, "Zaki, a ba ni kwando ɗaya na abin da aka tono daga wuriya, da kwana uku. In na dawo da shara a ciki, a kore ni."

Waziri ya yi tsaki ya ce, "Sai ka kai ta wata bolar."

Sarki ya ce, "A haɗa shi da dogari ya zama shaida."

Rana ta uku Barmo ya dawo, kwando a ka, mutane biye da shi. Sarki ya ce, "Ina sharar?"

Barmo ya ce, "Allah ya taimake ka, ban tarar da shara ba. Ƙwarya tara na ɗinke, ga su hannun masu nono. Tsingaro magina sun karɓa za su daka a daɓe. Guntayen fata dukawa sun ƙulla sun yi igiyar guga. Tsumma ya zama lagwanin fitila. Toka da ruɓaɓɓiyar albasa manomin rafi ya kwashe, har yana sa mini albarka. Da kowane ɗan kasuwa zai ajiye kwando uku a rumfarsa, na gyara, na sana'a, na gona, da babu abin da zai isa wuriya. Ba ni na toshe ta ba, dokar da ta hana gyara ce."

Dogari ya rantse haka aka yi. Sarki ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Bakina ne ya yi dokar, amma shawarar Waziri ce, kuma ya ƙara da ƙazafi." Nan take aka tuɓe rawanin Waziri, aka soke doka, aka yi shelar kwando uku. Barmo kuwa aka naɗa shi Sarkin Gyara, aka ce zai zauna a garinsa har ƙarshen ransa.

Da zai tashi, Sarki ya hango wani abu a gindin kwandon. Ya ce, "Tsoho, ga saura ka manta."

Barmo ya ɗauko. Ludayi ne, ya rabe biyu, da tsohon ɗinki a jikinsa. Ya ce, "Ban manta ba, ranka ya daɗe. Ɗinkina ne, na gane shi tun ranar farko. Da shi nake ba Tasalla kunu, ruwa ya kwaso shi daga ɗakinmu."

Sarki ya ce a hankali, "Me ya hana ka gyara shi?"

Barmo ya share ido da gefen riga ya ce, "In na gyara, wa zai sha da shi?"

Ya sa ludayin a aljihu, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya nufi maƙabarta. Allah ya raba mu da shawarar da ake gane illarta bayan an yi jana'iza.