Waken Tambai da Kan Burtu

Ga ta nan, ga ta nanku, ta shigo ta ƙofar gona.

Ta zo mu ji ta, mun ba ta wuri.

To ku matso, ku bar tsokanar wutar nan.

An yi wani manomi, sunansa Nomau. Gidansa ne na ƙarshe a ƙauyen, daga shi sai daji. 'Yar gona gare shi a bayan gida, gero a tsakiya, gyaɗa a gefe, akuya ɗaya a turke, da kaji masu yawo inda suka ga dama. Mutum ne mai son ya san yadda kowane abu yake. In ya ga tururuwa ta ɗauki ƙwayar gero, sai ya jingine fartanya ya bi ta har raminta. Matarsa Tambai takan ce, "Malam, mutane suna noma, kai kana raka tururuwa gida."

Ita Tambai tana da wani irin wake da uwarta ta ba ta, fari, mai manyan ƙwaya, mai saurin dahuwa. A garinsu ma an daina shuka shi. Wanda ta ajiye bara ƙwari suka cinye, sai abin da bai cika tafin hannu ba ya rage. Shi suka shuka a kunyoyin da ke kusa da shinge. In bai yi 'ya'ya bana ba, irin ya ƙare ke nan.

Wake ya tsiro, ya fara yaɗo. Sai aka fara tarar da an yanke masa kai. Yau a nan, gobe a can. Nomau ya ƙara ƙaya a shinge, aka ci. Ya kafa tsumma a kan sanda, aka ci. Ya ɗauki wani reshe da aka yanke aka bari a ƙasa, ya jujjuya shi. Yankan a karkace yake, sumul, kamar da aska. Ya jefa shi a aljihu.

Yana nan tsugune sai ga Zomo. A wancan zamani kunnen Zomo gajere ne, bai fi na ɓera ba.

"Salamu alaikum, maigida. Na ga abin da ya same ku. Allah ya mayar da alheri."

"Amin, Malam Zomo. Ko ka san mai yi?"

Zomo ya duba dama, ya duba hagu, ya rage murya. "Ba na son kai ƙara. Amma Barewa ce. Da idona na ga ta tsallake shingen nan."

Nomau ya ce, "To ni ina zan kamo Barewa? Akuyata ma in ta tsinke sai na kira maƙwabta."

"Ai ba da gudu ake kama ta ba. Mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, ba ya bar maka kan burtu ba? Ka fita da sassafe, ka fita da yamma, lokacin take kiwo. Gona kuwa ka bar mini, ni zan riƙa duba maka."

Yara, kun san burtu, baƙin tsuntsun nan babba mai jan maƙogwaro, mai yawo a ƙasa yana caccakar ciyawa. Namun daji ba sa tsoronsa. Shi ya sa maharba suke sassaƙa kansa da itace, su rufe da fata, su sa masa jajayen 'ya'yan tsiron nan idon zakara a gurbin ido. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya yi rarrafe. Nama na ganin tsuntsu, har kibiya ta iso.

Nomau ya sauko da kan daga ƙarƙashin rumbu, ya kakkaɓe yanar gizo, ya ɗaura. Tambai ta fito da ƙwarya a hannu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, ni wake na ce ka tsare mini. Ban ce ka zama kaza ba."

Nomau ya gyara zaman kan a goshi. Shi abin da ya dame shi, bai san yadda burtu yake tafiya ba. Don haka ya nufi fadama, ya sami Burtu na gaske yana farautar fara. Ya gaishe shi, ya faɗi buƙatarsa.

Burtu ya lumshe ido. Gashin idonsa zara-zara ne, kamar na amarya. Ya ce, "Matarka ta jefe ni da muciya bara."

"Tsoro take ji saboda 'yan tsaki."

"Fara na je ci. Gonarku cike take da ita. Zan koya maka, in ka yi alkawarin wata rana za ka bar ni in shiga."

Nomau ya yi alkawari, ko da yake bai san yadda zai gaya wa Tambai ba.

Burtu ya ce, "Taka, ka tsaya, ka caki ƙasa. Kada ka nufi nama kai tsaye, ka riƙa ratsewa kamar ba ruwanka da shi. Ka ɗebi toka a hannu, ka saki kaɗan. Inda ta bi, can warinka zai bi. Iska ta daki fuskarka, ba ƙeyarka ba. Maimaita."

"Taka, ka tsaya, ka caki ƙasa."

Da sassafe Nomau ya shiga daji, kwari da baka a ɓoye cikin zane. Taka, ka tsaya, ka caki ƙasa. Ƙaya ta soke shi a gwiwa. Can ya hango Barewa a gindin wata magarya. Ya saki toka, ya zagaya, ya ratse. Da ya kusa, sai ta ɗaga kai.

"Kai tsuntsu, ina da tambaya."

Nomau ya shaƙe murya. "Yi tambayarki."

"Tun ɗazu nake ganin kana caka, ban ga ka haɗiye komai ba."

Nomau ya ƙara shaƙe murya. Ya ce, "Azumi nake yi."

"Allah ya karɓa," in ji Barewa. Ta kaɗa wutsiya ta wuce.

Ya dawo gida, ya tarar an ci wake. Zomo na zaune a bakin shinge yana girgiza kai. "Kana fita ta nan, ta shigo ta can. Na yi ihu har muryata ta dushe."

Nomau ya yi mamakin saurin Barewa, don a daji ya baro ta. Amma kowa ya san tana da gudu.

Da yamma ya koma. Taka, ka tsaya, ka caki ƙasa. Wannan karon ya matsa har yana ganin ƙudajen da ke bin kunnenta.

"Kai tsuntsu, ina da tambaya."

"Yi tambayarki."

"Ƙuda ya sauka a tsakiyar idonka, ba ka ƙifta ba."

"Ciwon ido nake yi."

"Ga azumi, ga ciwon ido. Allah ya sawwaƙe." Ta kaɗa wutsiya ta wuce.

Ya dawo, an sake ci. Abin da ya rage bai fi kunya ɗaya ba, ita ma a fige. Tambai ta tsaya a kanta ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, "Inna ta ce kada in bari ya mutu a hannuna." Ta koma ciki. Wannan ta fi wa Nomau zafi fiye da jifa da muciya.

Gari na wayewa ya fita, ya yi niyyar yau sai ya harba. Taka, ka tsaya, ka caki ƙasa. Iska na dukan fuskarsa. Barewa ta juya masa gefe, tana cin tohon wani ɗan itace. Ya zaro kibiya a hankali, ya ɗora a tsirkiya, ya ja.

Sai halinsa ya motsa. Bai taɓa ganin Barewa tana ci a kusa haka ba, ya ce bari ya ɗan kalla tukuna. Ta kama toho da leɓe, ta danne, ta fizge da kai. Reshen ya yage, ya bar zare-zare kamar bakin tsohon zane. Ta kama wani, ta fizge. Shi ma ya yage.

Nomau ya sassauta baka. Ya sa hannu a aljihu ya fito da reshen waken nan. Ya bushe, amma yankan na nan sumul, kamar da aska.

"Kai tsuntsu, ina da tambaya. Burtun ƙasarku yatsu biyar gare shi, har da aljihu?"

Nomau ya ture kan burtu zuwa ƙeya, ya zauna a ƙasa. "Yau ni ke da tambaya. Don Allah, buɗe bakinki in gani."

Barewa ta yi dariya ta buɗe. Haƙora a ƙasa reras. A sama kuwa, ta gaba, babu ko ɗaya, sai dasashi mai tauri.

"Haka aka halicce mu," in ji ta. "Ni da akuyarka duk ɗaya. Kullum kana ba ta harawa, ba ka taɓa leƙawa ba?"

"Ban taɓa ba." Ya nuna mata reshen. "To wannan aikin wa?"

"Wanda yake da aska a sama, yake da aska a ƙasa. Wa ya gaya maka lokacin da za ka riƙa barin gona?"

Nomau ya tuna maganar Zomo. Sassafe da yamma. Can ya ce, "Tun yaushe kika san mutum ne?"

"Tun da ka ce kana azumi. Na tsaya ne in ga abin da zai sa babban mutum ya zama tsuntsu. Amma idona na kan hannunka. Da ka ƙara ja kaɗan, da sai dai ka harbi inda na tsaya."

Nomau bai koma gida kai tsaye ba, sai da ya biya ta fadama. Daga nan ya je ya sami Tambai, ya ce ta kulle 'yan tsaki a akurki, ta kuma ajiye muciya, yau suna da baƙo. Da yamma ta yi, ya ɗaura kan burtu, ya fita ta inda Zomo zai gan shi. Da ya shiga ciyawa sai ya zagayo, ya laɓe a bayan rumbu, ya leƙa.

Ba a jima ba Zomo ya kutso ta ƙarƙashin shinge. Ya zauna a kunyar ƙarshe, ya kama reshe, ƙyat. Yana cikin tauna sai ya ga burtu ya fito daga cikin gero, yana takowa. Zomo ya haɗiye da sauri. In ya gudu ya tona kansa, kuma shi bai taɓa shiga matsalar da bakinsa bai fid da shi ba. Ya goge leɓe ya tarye shi.

"Sannu da zuwa, maigida! Yau ka dawo da wuri. Yanzun nan ta fita, ga inda ta ci, ko bushewa bai yi ba."

Burtu ya taka, ya tsaya, ya caki ƙasa.

"Kai, amma ka ƙware! Wallahi in ba ni ba, sai a ce na gaske ne."

Burtu ya ɗago da fara a baki, ya wurga ta sama, ya haɗiye.

Zomo ya ɗan yi dariya. "Maigida, har da wannan?"

Burtu ya sunkuyo da kai, ya dube shi da ido ɗaya, ya ƙifta.

Zomo ya sauke ido ya dubi ƙafafun. Ba gwiwar mutum. Ba zane. Ya juya zai zura, Burtu ya cafke kunnuwansa biyu da baki. Zomo ya ja, Burtu ya ja. Zomo ya kafa ƙafa a kunya ya ja, Burtu ya ja. Kunnuwa suka yi ta miƙewa.

"Maigida! Maigida, zo ka gaya wa baƙonka ni mai gadi ne!"

Nomau ya fito da kan itace a hannu. Ya tsuguna, ya ce, "Malam Zomo, tun da bakinka a buɗe yake, tsaya in gani." Ya leƙa. Aska biyu a sama, aska biyu a ƙasa, ga ganyen wake a tsakani.

Tambai ta fito. Ashe ba ta ajiye muciyar da nisa ba. Zomo na ganinta ya yi wata fizga da dukan ƙarfinsa, ya suɓuce, ya bi ta ƙarƙashin shinge, kunnuwa na jan ƙasa a bayansa. Har yau ba su koma ba. Shi ya sa ko ganye ya faɗi sai ya miƙe su, yana jin ko Burtu ne.

Nomau ya toshe ramin da ke ƙarƙashin shinge da duwatsu. Burtu ya ci gaba da zuwa cin fara, bai taɓa ɗan tsako ko ɗaya ba, ko da yake Tambai ba ta daina kallonsa ta gefen ido ba. Kunyar nan ɗaya ta sake toho, ta yi fure, ta yi 'ya'ya. Da kaka Tambai ta ɓare, ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta cika ɗan tulu, ta liƙe bakinsa da laka. Ba ta bari an dafa ko ƙwaya ɗaya ba.

Ran da ake liƙe tulun, Nomau na durƙushe a gaban akuyarsa yana ɗaga mata leɓe, sai ya ji murya daga bayan shinge.

"Kai tsuntsu, ina da tambaya. An sha ruwa kuwa?"

To kun ji. In an yi muku ɓarna, ku dubi inda aka ciza kafin ku ɗauki kibiya, ku kuma dubi bakin wanda ya kawo muku labari. Mai wayon da ya saba sa wa mutane kan itace, wata rana zai gaida na gaske.

Ƙurunƙus kan burtu, na mayar da shi ƙarƙashin rumbu. Wanda bai yarda ba, gobe ya buɗe bakin akuya ya gani.