Sumar Baba Tana Jiran Ɗansa

Akwai wani mai aski da 'yan unguwa ke kira Haka-Ne. Ba sunan yanka ba ne, bakinsa ne ya jawo masa. Duk wanda ya zauna a kujerarsa, abin da ya faɗa shi ne daidai. In ka ce duniya ta lalace, ya ce "haka ne." In na bayanka ya ce duniya ba ta taɓa daɗi kamar yanzu ba, ya kakkaɓe tawul ya ce "wallahi haka ne."

A wurin mahaifinsa ya koyi wannan, tare da riƙon almakashi. Baba ne ya buɗe shagon, shi ne kuma ya koya masa cewa ba a gardama da mutum kana riƙe da reza a wuyansa.

Da tsufa ya zo, hannun Baba ya fara rawa, ga ciwon ƙirji. Sai ya bar wa ɗansa shagon ya koma gidan babbar 'yarsa. Amma duk ƙarshen mako Haka-Ne yakan ɗauki jakar aikinsa ya je ya yi masa aski. Baba na zaune, tawul a wuya, yana ta ƙorafi: nan bai yi ba, can ka bar gashi. Shi kuma yana dariya yana cewa a yi haƙuri. Duk makon, wannan zaman ya fi so.

Sai annoba ta shigo. Aka rufe fuska da takunkumi, aka daina musabaha. Da allurar rigakafi ta iso, surutu ya fi cutar yaɗuwa, kuma kun san shagon aski, nan ake sauke kowace magana.

Wata safiya wani baƙo ya zauna a kujera ya zazzage masa labarai: allurar na hana haihuwa, tana sa mantuwa, tana kaza tana kaza. Haka-Ne ya ce haka ne, ya shafa masa hoda ya sallame shi.

Da rana maƙwabcinsa mai gyaran waya ya zo gyaran fuska, ya tambaye shi ra'ayinsa. Shi kuwa ba shi da wani ra'ayi, sai abin da ya kwasa da safe. Ya juye masa shi kaf, ya ƙara gishiri, ya rufe da cewa, "Ni dai ko ɗaure ni za a yi, ba mai tsira mini allurar nan."

Ashe mai gyaran waya yana ɗaukarsa a bidiyo.

Kafin a ce me, bidiyon ya zaga unguwa. Shago ya cika, har da waɗanda ba su da gashin askewa. A karon farko a rayuwarsa, shi ke magana, mutane na ce masa "haka ne." Jama'a, daɗin wannan abu ba ƙarami ba ne ga wanda ya yi shekaru yana gyaɗa wa wasu kai. Kan mutumin ya kumbura.

Ƙarshen makon ya ɗauki jakarsa kamar kullum. Yayarsa ta tare shi a bakin ƙofa.

"Na ga bidiyonka," in ji ta.

"Yaya, hira ce kawai ta shago."

"To ji tawa. An yi wa Baba allurar, amma likita ya ce jikinsa ba ƙarfi, dole masu shiga wurinsa su ma su yi. Kai kuwa wuni kake hancinka a kan hancin mutane. Ka je ka yi, ka dawo, ni zan riƙe maka jakar."

"Yanzu uban nawa za ki hana ni gani?"

"Ga taga can. Gani dai, ka gan shi har ka gaji."

Ya yi fushi, ya yi rantsuwa, Yaya ta kafe. A zuciyarsa ba allurar yake tsoro ba. Abin da yake hangowa shi ne idon mutanen shago in suka gan shi a layi ya naɗe hannun riga.

Haka gaisuwa ta koma ta taga. Ɗakin Baba na kallon bayan gida, inda ake shanya. Nan Haka-Ne ke tsayawa tsakanin igiyar shanya da bango, Baba na zaune a ciki, gilashi a tsakaninsu, suna magana ta waya suna kallon juna.

Mako ya bi mako, sumar Baba ta fara taruwa. Mutumin da tsawon rayuwarsa ba a taɓa ganin gashi ya taɓa masa kunne ba, yanzu furfura ta sauko masa har wuya, gemu ya baje ko'ina. Yaya ta ce za ta kira wani mai aski da ya yi allurar, Baba ya ce a'a. Mijinta ya sayo kilifar aski, Baba ya ce ya mayar. "Ina da mai aski," in ji shi.

Haka-Ne kuwa, in tsoho ya zauna a kujerarsa, sai ya tsaya da almakashi a hannu. Ya kalli ƙeyar mutumin, ya tuna ta Baba, da ƙamshin man da yake shafawa, da yadda yake lumshe ido in an ɗora masa tawul mai ɗumi. Kewa ta dinga cin sa. Ya aske kawunan unguwa duka, ban da kai ɗaya da yake so.

Wata rana ya je taga ya ga filasta a haɓar Baba, wata a kumatu. Gemun an ci rabi an bar rabi.

"Baba, wa ya yi maka wannan aikin?"

Baba ya ɗaga hannunsa mai rawa ya nuna masa. "Tsohon maigidanka. Da alama ya manta aiki."

Ya faɗa da wasa, amma Haka-Ne bai iya dariya ba. Ya jingina goshinsa da gilashin.

Can Baba ya ce, "Maganar nan da ka yi a bidiyo, wa ya gaya maka?"

"Wani ne, a kujera."

"Wane ne shi? Likita ne?"

Haka-Ne ya lalubi sunan mutumin bai samu ba, ko fuskarsa ba ya tunawa. Abin da ya iya tunawa kawai shi ne yana da sanƙo a tsakiyar kai.

"Na koya maka ka bi mutum da 'haka ne' don ka gama aikinka lafiya," in ji Baba. "Maganar kujera ana share ta ne tare da gashi a zubar. Kai kuma ka kwaso ta ka kawo mini gida."

Washegari bai buɗe shago ba. Ya tafi asibitin unguwa, ya zauna gaban ma'aikaciyar jinya ya yi mata duk tambayoyin da ya kamata ya yi tun farko. Ta amsa waɗanda ta sani, ta gaya masa hannu zai yi tsami, wataƙila da ɗan zazzaɓi. Ya shiga layi.

Yana cikin layin sai ga mai gyaran waya zai wuce. Ya ja birki, ya buɗe baki. "Kai ma?"

"Ni ma. Fito da wayar ka ɗauki wannan, ka tura inda ka tura wancan."

An yi masa dariya a unguwa, wasu suka daina zuwa shagon, bai damu ba. Abin da ya dame shi jira ne, don sai ya yi allura ta biyu, sannan ya ƙara jira ta kama jiki. A cikin wannan jiran ciwon ƙirjin Baba ya tashi, har zama a bakin taga ya gagare shi. Haka-Ne ya zo ya tsaya wurin shanya, ba abin da yake gani sai labule.

Ranar da Yaya ta buɗe masa ƙofa, ita ta karɓi jakar kamar yadda ta ce. Ya wanke hannu, ya gyara takunkumi, ya shiga. Baba ya rame sosai. Da filo suka tallafe shi a kan gado, nan aka yi askin, a hankali, ana yi ana hutawa.

Da ya gama ya miƙa masa madubi. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta karkata shi gefe. Haka-Ne ya ɗauka rawar hannu ce, ya kai hannu zai gyara masa.

"Bar shi," in ji Baba. "Na san kaina. Kai nake kallo."

Yaya ta fita da sauri tana goge ido.

Baba bai daɗe ba bayan nan, tsohon ciwonsa ya tafi da shi. Askin da Haka-Ne ya samu yi masa bai taka kara ya karya ba. Yana gode wa Allah da ya samu ko da hakan. Amma har yau in ya tuna watannin da ya yi a bayan taga, alhali Baba na da ƙarfin zama a kujera ya yi masa ƙorafi, sai ya ajiye almakashi ya fita waje ya ɗan tsaya.

Darasi: Kada kunyar janye magana ta raba ka da wanda kake ƙauna. Zancen lafiya, ka tambayi masu sani, ba wanda ko sunansa ba za ka tuna ba. In ka gane ka yi kuskure, ka gyara yau, domin iyaye ba sa jiranmu har abada. Ka tura wa wani wannan labarin, wataƙila akwai mai jiransa a bayan taga.