Ranar da Tunau Ya Ƙi Kaɗa Taken Barmo

An yi wani mutum a wani gari, tun kakanninmu na yara, sunansa Tunau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba. Makaɗin 'yan dambe ne, kalangu kawai ya iya. Na ga wasunku sun yatsina fuska. Ku dai saurara.

A zamanin, kowane ɗan dambe yana da takensa. Idan makaɗi ya kaɗa takenka a fili, dole ka fito, ko zazzaɓi kake yi. Wanda ya ji takensa ya zauna, ya gama yawo a garin nan. In ba a kaɗa ba kuwa, ba wanda zai ce ka ji tsoro.

To akwai wani ɗan dambe, Barmo, wanda Tunau ya yi wa kiɗa tun suna samari. Shekaru suka tura. Wata rana da kaka, Barmo ya same shi a gindin rumbu, ya zauna kamar wanda ya sauke dami.

Ya ce, "Tunau, idona na hagu ya mutu, tun naushin bara. Na daman ma, mai magani ya ce in aka sake dukansa, shi ke nan. Na gaji, wallahi na gaji. Amma kada kowa ya ji."

Tunau ya ce, "Ba mai ji a bakina."

Ranar kasuwa sai ga baƙon ɗan dambe, matashi, ya kashe mutum uku a jere, wato ya kai su ƙasa. Fili ya rikice da ihu, "Barmo! A kira Barmo!" Barmo na zaune cikin mutane, kansa a sunkuye.

Sarkin dambe ya ce, "Tunau, kaɗa masa."

Tunau ya dubi kalangunsa. Hannunsa ya san taken nan fiye da yadda ya san hanyar bakinsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan kaɗa ba."

"Saboda me?"

"Shi ma ba zan faɗa ba."

Jama'a, ku lura. Bai yi ƙarya ba, bai ce fata ta yage ba. Bai kuma tona ba. Kalma ɗaya za ta wanke shi, ya haɗiye ta.

Aka yi masa ihu. Aka ce baƙo ya saye shi, aka ce hassada ce. Sarkin dambe ya hana shi fili har abada. Tunau ya rataye kalangu, ya koma yankan ciyawa yana kai wa masu dabbobi. Abin da ya fi ci masa rai, Barmo bai taɓa buɗe baki ya kare shi ba. In sun haɗu a hanya sai Barmo ya kau da kai. Tunau ya ji zafin wannan ƙwarai, ya ji, amma ya yi shiru har ya tsufa.

Ranar da ya rasu, ko sahu biyu ba a cika ba a sallar jana'izarsa. Bayan an rufe shi, sai wani tsoho ya durƙusa bakin kabarin yana kuka. Barmo ne. Ya nuna idonsa na dama ya ce, "Da wannan na ga jikokina, da shi nake ganin hanyar masallaci. Mutumin nan ne ya bar mini shi. Ni kuwa na bar shi da zagi."

Bayin Allah, rufin asiri ba shirun da ba ya cin komai ba ne. Na gaskiya shi ne wanda ka riƙe ranar da tonawa za ta wanke ka. Ni na gaji da maimaitawa: yau ɗan'uwanka zai gaya maka ciwonsa da safe, kafin la'asar an ji a majalisa. Kowa a nan yana riƙe da taken wani. Gobe za a ce ka kaɗa. Ka tuna da Tunau, ka sauke hannunka.