Wayar da Ta Tsallake Katanga

Akwai wani dattijo mai sayar da ƙanƙara da duk layinsu ke kira Injiniya, alhali bai taɓa zama a aji ya koyi lantarki ba. Shekara talatin dai hannunsa na cikin waya. Da ɗauke wuta ya ishe shi, sai ya jera faifan sola a rufin shagonsa, firjinsa huɗu suka daina hutun dole.

Wutar ta yi masa yawa. Tela da mai aski da matar da ke sayar da magani suka roƙe shi ya ja musu waya, su riƙa biya duk wata. Nan take ya amsa.

Da yamma autarsa, wadda ta karanci lantarki, ta same shi a tsakar gida yana warware sabuwar waya. Ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Baba, wutar da kake sha kai kaɗai ba mai tambayarka takarda. Amma in waya ta tsallake katanga ka fara sayarwa, sai da lasisi, kuma sai an zo an duba aikin."

Maganar ta soke shi. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce tun ba a haife ta ba yake haɗa waya, kuma ba ofis ne ya koya masa ba. Kwana uku bai yi mata magana kai tsaye ba. Ko ruwa yake so, sai ya ce wa uwarta, "Gaya wa Hukuma ta taimaka mana da kofi, in doka ta yarda."

Uwar ta bar shi ya huce, sannan ta tambaye shi amfanin karatun da ya yi ta taƙama da shi a gaban abokai, in yarinyar ba za ta faɗa a ji ba. Washegari ya saka babbar rigarsa, ya ce Hukuma, wato autar, ta shige gaba su tafi ofishin lasisi.

Abin bai zo da sauƙi ba. Ya cika fom, ya zauna a benci, aka ce ya dawo. Da mai dubawa ta zo, ta yaba haɗinsa, amma ta ce wayar da ya saya ta yi siriri, kuma dole kowane shago ya samu na'urar da ke katse wuta in ta fara zuba inda bai kamata ba. Injiniya ya haɗiye ransa ya sake aikin. Wata biyu aka yi kafin takarda ta fito.

A tsakanin nan amininsa mai sayar da taya, da ke tsallaken titi, ya ja wa shaguna shida wuta daga nasa faifan sola cikin mako guda ba tare da ya tambayi kowa ba. Kullum sai ya leƙo ya tambayi Injiniya ko takardar ta fara ba da haske. Injiniya ya yi dariyar yaƙe, ya koma ciki.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, rufin tela ya yi yoyo, ruwa ya gangara cikin soket, ya jiƙa ƙafar keken ɗinki. 'Yar telan, mai shekara biyu, tana riƙe da ƙarfen keken a lokacin. Wutar shagon ta katse kanta kafin uban ya ankara. Ya ɗauko yarinyar ya shigo wurin Injiniya yana ta godiya.

A tsallaken titi kuwa, waya ta goge ta taɓa ƙofar wani shago, wuta ta yi jifa da mai shagon. Ya rayu, amma ya kwanta asibiti, aka kuma zo aka kwance wayoyin mai taya gaba ɗaya.

Injiniya bai yi masa dariya ba. Ya same shi zaune a kan tsohuwar taya ya yi tagumi, ya zauna kusa da shi, suka tafi duba majinyacin tare. A hanyar dawowa ya ce masa ya shirya gobe da safe, akwai benci mai tauri da zai raka shi ya zauna a kai.

Da ya koma gida ya tarar da autar tana wanke-wanke. Ya tsaya a bayanta ya ce, "Auta, yarinyar tela tana nan lafiya. Allah Ya yi miki albarka." Ta ci gaba da cuɗa tukunyar da ta riga ta fita, don kada ya ga idonta.

Darasi: Ƙwarewa ba ta hana a duba aikinka, kuma gaskiya ba ta raguwa don ta fito daga bakin ɗanka. In sana'arka ta shafi rayukan mutane, nemi izini ka yi haƙuri da ƙa'ida. Ku tura wa duk mai shirin ja wa maƙwabta wuta, ya karanta kafin ya sayi waya.