Dogara da Notin da Zafi Ya Sassauta

Akwai wani mutum, sunansa Dogara, yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake kai doya da citta kasuwa. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya shaye-shaye, sai dai Allah ya yi shi da mafarkin ido biyu. Yana tuƙi yana gina gidan bene a ransa. Kafin ya kai kasuwa ya riga ya shafe gidan da shuɗin fenti, ya dasa lemu a tsakar gida, har ya fara tsinka. In ka gaishe shi a hanya, sai ya wuce ka da nisa kafin ya amsa.

Yana da uwa, Inna Tabita, tsohuwa tukuf. An haife ta a Tudun Ƙirya, wani ƙauye a hayin kogi, kuma shekara goma sha tara rabonta da shi. Abu ɗaya take roƙo a duniya: a kai ta idin godiyar kaka na ƙauyensu, ta zauna a bencin mata na majami'ar da aka ɗaura mata aure, ta ga ƙanwarta Asabe, wadda ita kaɗai ta rage mata a ɗakinsu. Kowace shekara Dogara sai ya ce baɗi. Bana kuwa ta kama hannunsa ta ce, "Dogara, baɗin nan naka ya fi ni tsawon rai. In za ka kai ni, ka kai ni bana." Sai ya yi mata alkawari.

Saura mako biyu idi, sai motar ta fara wani kuka da safe, tsit-tsit-tsit, kamar gyare ya shiga inji. Ga kuma baƙin hayaƙi ya shafe gefen injin. Dogara ya kai ta wurin Baba Irmiya, tsohon bakaniken da yake aiki a gindin tsamiyar bakin hanya.

Baba Irmiya ya kara kunne, ya shafa wurin da yatsa, ya duba. Ya ce, "Ɗana, nan ne bututun hayaƙi yake haɗuwa da kan inji. Ƙarfe ne da ƙarfe, kuma ƙarfe biyu ba sa haɗa baki su rufe ruf, ko a gidan wa aka ƙera su. Shi ya sa ake shimfiɗa musu gaskit a tsakani. Naka ya ƙone."

Ya buɗe akwatin katakonsa ya fito da guda uku, kowane falle ne siriri mai ramuka huɗu a jere. Na farko sakayau kamar kwali. Na biyu na farin ƙarfe ne, yana ɗaukar ido. Na uku ruwan toka ne, mai kauri da taushi, in ka taɓa shi sai ya baƙanta maka yatsa. Idon Dogara ya faɗa kan mai ƙyalli, bai ko kalli sauran ba.

"Baba, wannan za a sa."

Tsohon bai yi gardama ba. Ya kwance bututun, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan bakinsa, ya ɗaga su sama saitin rana. Sai ga haske yana ratsowa ta ƙarƙashi.

"Ka ga hasken nan? Shekaru da zafi sun karkatar da fuskar. Mai ƙyalli na sabon inji ne, wanda fuskarsa take sumul. Naka sai wannan mai taushi, shi zai shiga kowane lungu ya cike."

Dogara ya yarda, ko da yake ransa yana kan mai ƙyallin. Baba Irmiya ya zauna ya yi ta kankare ƙonannen tsohon gaskit daga fuskokin biyu, a hankali, har wuri ya fito fes. Dogara ya gaji da jira ya ce ai ya isa haka. Tsohon ya ce, "Ba a shimfiɗa sabuwar tabarma a kan ƙaya." Sannan ya ɗora sabon, ya mayar da bututu, ya sa noti takwas da hannu kawai. Da ya ɗauki sifana bai fara daga gefe ba. Ya fara daga tsakiya, ɗaya dama, ɗaya hagu, yana fita waje kaɗan-kaɗan, har ya zagaye su sau uku. Ya ce in ka matse na gefe tamau tun farko, ɗaya gefen zai ɗaga kai.

Aka tayar da inji. Shiru kake ji, babu kukan gyare, babu hayaƙi. Dogara ya washe baki.

Baba Irmiya ya riƙe ƙofar motar ya ce, "Tsaya, aiki bai ƙare ba. Je ka, injin ya yi zafi ya huce, sau biyu ko uku. Zafi zai kwantar da gaskit, noti zai saki. Jibi ka dawo da safe, inji da sanyinsa, in sake bin su da sifana. Kafin ka shanye kofin kunu na gama."

"In Allah ya kai mu, Baba," in ji Dogara. Amma hankalinsa ya riga ya haye kogi, yana ganin yadda mutanen Tudun Ƙirya za su fito taryar Inna.

Jibi ya zo, inji yana tafiya lafiya lau. Dogara ya bi ta gindin tsamiya da lodin doya, Baba Irmiya ya ɗaga masa sifana, shi kuwa ya danna hon ya ɗaga hannu ya wuce. A ransa ya ce, yaron da bai yi kuka ba, me za a rarrasa? Gata ma haka, citta ma haka. Bayan mako guda kukan gyaren nan ya dawo da 'yar ƙaramar murya. Dogara ya ji shi sarai, wallahi ya ji, amma sai ya ɗaga murya da waƙa har ya daina ji. Kai, Dogara! Tsamiyar nan fa a kan hanyarsa take, safe da yamma.

Ranar idi Inna Tabita ta riga kowa shiri. Ta ɗaura zanen zumuntar mata, ta ɗauki ƙwaryar sabon wake na baiko, da kwalbar zuma da ta ɓoye wa Asabe tun bara. Suna fita gari hadari ya haɗu, ruwan sallamar damina ya sauko, siriri mai sanyi. Inna ta ce, "Rufe gilashin nan, sanyi yana shiga mini ƙashi." Ya rufe duka biyun, har ya cusa tsumma a inda gilashi bai kai ba. Ya manta cewa tsatsa ta huda ƙasan motar, daidai wajen ƙafarsa.

Suka kama hawan tudu, inji ya yi nishi, zafi ya ci gefen gaskit inda noti ya saki. To, hayaƙi iri biyu ne. Akwai wanda ido yake gani, hanci ya ji, mutum ya kauce. Akwai wanda ba shi da launi, ba shi da wari, kuma shi ne mugun. Shi ya riƙa hawowa ta hujin nan yana cika musu wuri.

Da fari Dogara ya ji kansa yana ɗan sarawa. Can sai ciwon ya tafi, wani daɗi ya sauko masa tun daga wuya har gwiwa. Hanya ta yi laushi. Ruwan da yake gangarowa a gilashi ya rage sauri, kowane ɗigo yana tafiyarsa a natse. Inna tana rera wata tsohuwar waƙar kaka a ƙasan maƙoshi, muryar tana nisa, tana nisa, har ta jingina kanta a kafaɗarsa ta yi shiru. Ya ce a ransa, bari ta huta, baiwar Allah. Sai ya ga kogi a gabansa, ruwan ya kwanta bai kai idon sawu ba. Ya ga itatuwan ƙirya a kan tudu, ya ji ƙararrawar majami'a. Ga Inna can gaba, budurwa, da ƙwarya a ka, tana sauri tana dariya, Asabe ta taho da gudu hannu a buɗe. Ga gidansa na bene ma a nan, shuɗi, lemu ya nuna har rassa sun sunkuya. Tunda aka haife shi bai taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba.

Ƙafarsa ta zame daga kan totur. Motar ta bar hanya a hankali, ta gangara cikin gonar gyaɗa, ta kafe a taɓo, inji ya mutu. Mutuwar injin nan jinƙan Ubangiji ce.

Mai gonar, wata mace ce mai suna Kande, tana fake a gindin kaɗanya. Ta jira ta ga wani ya fito, shiru. Ta matso ta leƙa, ta ga mutum biyu sun langaɓe. Ta fizge ƙofa, ta jawo su waje cikin ruwa tana ihu, "Wayyo Allah! Bawan Allah, tashi! Jama'a, ku kawo ɗauki!" Dogara ya farfaɗo da amai, kansa kamar an daka a turmi. Inna kuwa ba ta motsa ba. Aka ɗora ta a amalanke zuwa ƙaramin asibitin da yake kusa.

Sai da rana ta karkata ta buɗe ido. Ta dubi ɗanta ta yi murmushi ta ce, "Ashe mun iso. Na ga Asabe, ba ta tsufa ba ko kaɗan." Daga ƙofar asibitin ana hango Tudun Ƙirya a hayin kogi, bai fi tafiyar mil uku ba, kuma an riga an tashi daga idi.

Daga nan babban asibitin gari aka wuce da ita, daga can sai gida. Ƙarfin tafiya bai sake dawo mata ba. Kafin Kirsimeti Ubangiji ya kira ta. Asabe ce aka ɗauko a kan babur ranar jana'iza, Dogara ya miƙa mata kwalbar zumar, bai iya kallon idonta ba.

Bayan kwanaki ya sa aka jawo motar zuwa gindin tsamiya. Baba Irmiya ya yi masa gaisuwar rashi. Ya kama notin tsakiya da yatsa biyu, noti ya juya. Ya kwance, ya zaro gaskit, ya nuna masa inda ya ƙone, wurin bai fi faɗin farce ba. Dogara ya ce, "Baba, da na dawo fa?" Tsohon ya ce, "Matsewar ba za ta kai ko rabin juyin sifana ba, ɗana." Dogara ya zauna a kan saiwar tsamiya ya yi kuka mai zafi.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Ƙarfen nan biyu mu ne: miji da mata, wa da ƙane, dattawa biyu a majami'a ɗaya. Babu wanda fuskarsa take sumul a cikinmu, shekaru da wahala sun karkatar da kowa. Shi ya sa ba ƙyallin magana yake haɗa mu ba, sai haƙuri da tawali'u, abin nan mai taushi da ba ya burge kowa. Kankare tsohon ƙonanne kuwa ita ce gafara, kuma wannan duk mun san shi, mun sha yin sa. An kira fasto, an zauna, an yi kuka, an sha hannu, an yi addu'a, kowa ya tafi gida yana cewa magana ta mutu.

Amma Dogara ba a wajen gyara ya faɗi ba. Gyaran ya yi kyau. A wajen komawa ya faɗi. Sulhu sabo kamar sabon gaskit yake, zafin farko sai ya sassauta shi. Za a sake faɗin wata kalma, za a sake yin wani kallo, kai kuma ka ji 'yar ƙarar nan sarai, sai ka ɗaga murya da waƙar yabo don kada ka ji. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, lalacewar ba da ciwo take zuwa ba, da daɗi take zuwa. Kana zaune kana mafarkin gidanka lafiya, alhali kowa a ciki yana shaƙar abin da ba ya gani. Wanda zai fi shan wahalar kuma ba kai ba ne, mai rauni ne da ya jingina a kafaɗarka.

Yanzu kowa ya tuna wanda suka shirya da shi bara, ko watan jiya, bai sake taka ƙofarsa ba. Ƙofar nan a kan hanyarka take, safe da yamma, kuma Ubangiji yana ɗaga maka hannu duk lokacin da ka wuce. Kada ka jira ƙara ta yi ƙarfi. In an tashi sujada yau, kafin ka ci tuwon rana, ka biya ka yi sallama, ka zauna ko na shan kofin kunu ne, ka ce, "Ɗan'uwa, na zo ne in ji ko muna nan yadda muka rabu."