Tulun Tabawa Mai Karkataccen Baki

"Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama."

"Ta zo mu ji ta, Gwaggo, mun yi tsit."

Wata yarinya ce, sunanta Tabawa. Kakarta Delu ita kaɗai ke ginin tukwane a garinsu. Sai tsufa ya kama Delu, hannunta ya soma rawa. Sai ta kira jikarta ta ce, "'Yar nan, damina ta kusa, in ruwa ya sauka ba a gasa tukunya. Hannun nan nawa kuwa ba zai kai wani rani ba. In ba ki koya bana ba, sana'ar gidanmu ta bi ni kabari."

Tabawa ta ce, "To, Kaka."

Tana son koyo, amma tsoron dariyar mutane ya cika mata ciki. Sai ta cuɗa yumɓu, ta tayar da tulu. Da ta ga ya ɗan karkace, sai ta waiga hagu, ta waiga dama, ta danne shi da tafin hannu. Haka jiya, haka yau, haka gobe. Ko ɗaya ba ta bari ya bushe ba, balle ya ga wuta.

Rannan ta ɗaga hannu za ta danne, sai yumɓu ya buɗe baki.

"Haba Tabawa! Kullum ki tashe ni tsaye, kullum ki zaunar da ni. 'Yan'uwana duk sun zama randuna, ni ina nan ana cuɗa ni kamar ƙullin ɗanwake!"

Ta ce, "In na sa ka a wuta ka fashe fa?"

Ya ce, "In na fashe na fashe. Ke dai sa ni."

Sai ta tara kara da busasshen kashin shanu, ta cinna wuta. Can sai aka ji tas! Tulu ya dare biyu. Matan maƙwabta suka leƙo ta katanga, suka kwashe da dariya. Tabawa ta fashe da kuka, ta kwashi tsingaro za ta kai bola.

Kaka ta ce, "Ina za ki da shi? Kawo turmi."

"Turmi kuma, Kaka?"

"Daka shi ya yi laushi, ki zuba a sabon yumɓu. Amma kafin nan duba, me ya fasa shi?"

Tabawa ta share hawaye ta duba. "Cikinsa bai gama bushewa ba."

Ta daka, ta cuɗa, ta gina na biyu. Wannan karon ta bar shi a inuwa har ya bushe ƙamas. Ta sa a wuta, sai aka ji tas! Matan suka sake leƙowa. Tabawa ba ta yi kuka ba, sai dai ta turo baki kamar yadda Larai da ke zaune nan ke yi mini in na aike ta. Ke Larai, kada ki ɓoye fuska, da ke nake.

Ta juya tsingaron ta ce, "Kaka, gindin ya yi kauri, wuyan kuma siriri."

Kaka ta ce, "Kawo turmi."

Tabawa ta ce, "Ai na riga na ɗauko."

Tana daka, hadari na haɗuwa a gabas. Ta san wannan ce wutar ƙarshe ta bana. Ta gina na uku, tana shafawa tana daidaita kaurinsa. Bakinsa ya karkace. Hannunta ya tashi zai danne, sai yumɓu ya ce, "Kul!" Sai ta mayar da hannun.

Da ya bushe ƙamas, aka sa a wuta. Matan suka jeru a katanga suna jiran tas. Shiru. Wuta ta ci, ta cinye, toka ta huce. Tabawa ta zaro tulu ja wur, ta ƙwanƙwasa shi, ya yi ƙara garau.

Kaka ta ce, "Kin gani? Garin fasassun nan ne ya ba shi ƙarfin jure wuta. Duk randar da na gina a garin nan, akwai fasassuna a jikinta."

Tabawa ta ɗebo ruwa a tulun, ta tsiyaya wa kakarta. Delu ta sha, ta sha, daɗi ya kama ta har da ƙwalla. Ta ce, "Alhamdu lillahi, sana'a ta zauna a gida."

"Amma Kaka, bakinsa a karkace yake."

"Yo nawa na fari ko bakin ma ba shi da shi!"

Suna cikin dariya ruwan farko ya sauko.

Ƙurunƙus kan kusu, tatsuniya ta koma gidansu. Wanda duk ke koyo, in abu ya lalace masa kada ya ɓoye, ya duba abin da ya lalata shi, ya sake. Ku tashi haka nan, kowa ya naɗe tabarmarsa.